Yaran bos su ne gishirin fim ɗin leƙen asiri

Idan aka gama kallon fim ɗin leƙen asiri aka zauna hira, mutum biyu ake yawan tattaunawa a kansu, wato akta da bos. Ana yaba wa jarumi kan yadda ya tsallake rijiya da baya, ana tsine wa bos kan muguntarsa, amma da wuya ka ji wani ya tuna da mai gadin da ke tsaye a bakin ƙofa da bindiga, ko direban baƙar motar da ta bi jarumi a guje har ta faɗa kwazazzabo. Ni kuwa a ra'ayina, waɗannan mutane da muke kira yaran bos su ne ke sa fim ya yi armashi ko ya lalace, kuma duk daraktan da ya raina su ya raina fim ɗinsa ne tun kafin a kunna kyamara.

Dalilin farko a fili yake ga duk wanda ya saba kallon irin waɗannan finafinai. Bos na fim ɗin leƙen asiri ba mai faɗa ba ne. Yawanci attajiri ne ko masanin kimiyya ko tsohon jami'in gwamnati, mai tumbi ko mai furfura, wanda ke zaune a kujera yana ba da umarni. Barazanar da yake yi wa duniya ma ba abu ba ce da ido ke iya gani, domin ko dai zai harba makamin nukiliya, ko zai sace tauraron ɗan Adam, ko zai durƙusar da tattalin arzikin ƙasashe. Mai kallo ya fahimci hakan da ƙwaƙwalwarsa, amma gabansa ba ya faɗuwa saboda shi. Abin da ke sa gaba ya faɗi shi ne ganin ƙaton mutum ya shigo ɗaki ya mayar da ƙofa ya rufe. A Goldfinger, fim ɗin ɗan leƙen asiri James Bond na 1964, shirin bos shi ne ya gurɓata zinaren Amurka da ke ajiye a Fort Knox domin nasa ya ƙara daraja, shiri ne mai wayo ƙwarai, amma abin da mutane suka riƙe fiye da shekara sittin shi ne Oddjob, yaronsa da ba ya magana, wanda ya murƙushe ƙwallon golf a tafin hannunsa kuma yake jifa da hula mai bakin ƙarfe. Harold Sakata, wanda ya fito a wannan matsayi, haifaffen Hawaii ne ɗan asalin Japan, kuma ya ci lambar azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Landan a 1948 kafin ya koma kokawa. Ƙarfin da ake gani a jikinsa na gaske ne, shi ya sa tsoron da yake bayarwa bai tsufa ba. Masu kallon finafinan Indiya za su gane irin wannan aiki a wurin Kabir Bedi, wanda ya fito a matsayin Gobinda a Octopussy na 1983, dogo mai rawani da ƙarancin magana, wanda ya niƙe ƙwayayen caca da hannu ɗaya don ya gargaɗi Bond.

Sai dai su Oddjob manyan yara ne, na hannun daman bos, masu suna da alamar da ake gane su da ita. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne na ƙasa da su, waɗanda ba a kiran sunansu ko sau ɗaya. Ƙungiyar asiri ba ta da tuta, ba ta da ƙasa a taswira, ba ta da fadar da za a nuna daga nesa a ce ga ta can. Ta yaya darakta zai gamsar da kai cewa wannan ƙungiya tana da ƙarfin da za ta haɗa Amurka da Tarayyar Sobiyet faɗa? Hanya ɗaya ce, ya cika maka ido da mutanenta. Ba a sanin girman sarauta sai an ga yawan dogarai, kuma haka abin yake a nan. Domin fim ɗin Bond mai suna You Only Live Twice na 1967, mai tsara wuraren ɗaukar fim Ken Adam ya gina cikin dutse mai aman wuta a harabar kamfanin shirya finafinai na Pinewood da ke Ingila, har da layin ƙaramin jirgin ƙasa da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu, a kan kuɗi kimanin dala miliyan ɗaya, kusan daidai da abin da aka kashe a kan Dr. No, fim ɗin Bond na farko, gaba ɗayansa a 1962. Amma da an nuna wannan gini babu kowa a ciki, da kango ne kawai mai tsada. Abin da ya ba shi rai shi ne tarin mutanen da ke kaiwa da komowa cikin yunifom launi-launi, wani yana jan bututu, wani yana duba na'ura, wani yana gadi a kan gada, kowa yana aikinsa kamar ma'aikacin da ya san za a biya shi albashi a ƙarshen wata. Daga ganinsu mai kallo yake fahimtar cewa mugunta a nan ta zama ma'aikata mai tsari, mai shugabanni da ƙananan ma'aikata, kuma hakan ya fi mahaukaci guda ɗaya ban tsoro nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani aiki da suke yi wanda bos ba zai iya yi wa kansa ba, shi ne nuna halinsa. Ba ma sanin iyakar rashin imanin bos daga yadda yake mu'amala da jarumi, domin jarumi abokin gaba ne, kuma kowa yana iya tsananta wa abokin gaba. Muna sani ne daga yadda yake yi wa nasa mutanen. A Thunderball na 1965 akwai wani taro a birnin Faris inda manyan jami'an ƙungiyar SPECTRE ke zaune layi biyu suna ba da rahoton kuɗin da suka tara. Shugaban, wanda ba a nuna fuskarsa, ya gano cewa ɗayansu ya yi sama da faɗi da wani kaso. Sai ya danna maɓalli, wutar lantarki ta kashe mutumin a kan kujerarsa, kujerar ta nutse da gawar cikin ƙasa, ta dawo babu kowa a kanta, aka ci gaba da taro. Fuskokin sauran ne suka fi komai magana a wannan wuri, kowa ya ƙame yana kallon gabansa, wanda ke kusa da mamacin yana ta zufa. Shekara biyu bayan haka, a fim na gaba, wata mata da ta kasa kashe Bond ta taka wata 'yar gada, gadar ta buɗe, ta faɗa cikin ruwan kifaye masu cin naman mutum. Da zarar ka ga irin wannan, kallon da kake yi wa mai gadin bakin ƙofa sai ya canza. Ka gane cewa gaba kura ce baya sayaki, idan ya tari jarumi ya mutu, idan ya gudu ya mutu, kuma tun ranar da ya karɓi kuɗin farko ya ci ladan kuturu. Wannan shi ne abin da ke ba ni tausayinsu, ko da fim ɗin bai nemi in tausaya musu ba.

Haka nan su ne ma'aunin jarumi, kuma ba ƙarfinsa kaɗai suke aunawa ba, har da zuciyarsa. A The Spy Who Loved Me na 1977, Bond na Roger Moore ya yi faɗa da wani ƙato mai sanƙo a kan rufin wani gida a Alƙahira. Faɗan ya ƙare da mutumin a bakin rufi, jikinsa ya karkata baya, babu abin da ya hana shi faɗuwa sai laktai ɗin wuyan Bond da ya damƙe. Bond ya tambaye shi inda wanda yake nema yake, mutumin ya faɗa masa da sauri saboda yana son ya rayu, sai Bond ya buge hannunsa, ya bar shi ya faɗa, ya gyara laktai ɗinsa ya yi gaba. Mutumin ya riga ya ba da abin da aka nema, bai da sauran makami, amma aka sake shi. A cikin wannan 'yar daƙiƙa mun san wane ne Bond fiye da duk jawabin da zai yi a gaban bos. Idan ka ajiye wannan kusa da farkon Casino Royale na 2006, za ka ga yadda zamani ya juya. A can, Bond na Daniel Craig yana kashe mutum na farko a rayuwarsa, wani ɗan aike maras muhimmanci, a cikin banɗaki, kuma kisan ya zo da wahala, ana fasa ƙofofi, ana danna kai cikin ruwa, ana haki. Babu wasa, babu murmushi. Ƙaramin mutum ne ya mutu, amma fim ɗin ya ba mutuwarsa nauyi, kuma a kan wannan nauyi aka gina sabon Bond ɗin gaba ɗaya.

Finafinan Jason Bourne ne suka fi kowa fahimtar wannan. Waɗanda ake turowa su kashe shi ba baƙi ba ne, abokan aikinsa ne da aka horar a shiri ɗaya da shi, aka raba su da sunayensu kamar yadda aka raba shi da nasa. A fim na farko, na 2002, maharbin da Clive Owen ya fito a matsayinsa ya biyo shi har wata gona a karkarar Faransa, Bourne ya harbe shi a cikin doguwar ciyawa, kuma kafin ya cika sai ya yi masa maganar ciwon kan da ke damun su duka biyun da irin abin da aikin ya ƙwace musu. Bai wuce 'yan mintuna a fim ɗin ba, amma shi ne ya faɗa wa jarumi gaskiyar da babu wanda ya faɗa masa. A fim na uku, na 2007, faɗan da Bourne ya yi da Desh a wani ƙuntataccen gida a Tanja ta Maroko an yi shi ne da littafi da tawul, kuma aka ɗauke kiɗa don a ji ƙarar duka da numfashi. Joey Ansah, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, shi ya fito a matsayin Desh, kusan bai furta komai ba, amma da aka gama babu alamar nasara a fuskar Bourne, sai ta wanda ya shaƙe ɗan'uwansa.

Ba zan ɓoye abin da ke ɓata mini rai a wannan al'ada ba. Finafinai da yawa na yanzu sun ɗauka cewa yawan gawa shi ne armashi, sai ka ga mutum hamsin rufe da fuska suna ɓarin harsashi ba sa samun kowa, jarumi yana kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya ko gumi bai yi ba. Idan babu ɗayansu da zai iya ji masa ciwo, to babu dalilin da zai sa in ji tsoro dominsa, kuma idan mutuwarsu ba ta da farashi, jarumtarsa ma ba ta da shi. Abu na biyu ya fi wannan muni. An daɗe ana amfani da naƙasa da tabon fuska da baƙuntar launin fata a matsayin alamar mugunta, mai hannun ƙarfe, wada, mai ido ɗaya, baƙon da ba ya jin Turanci. Richard Kiel, wanda tsayinsa ya kai mita 2.18 saboda wata larura ta jiki, ya fito da haƙoran ƙarfe a matsayin Jaws a 1977, masu kallo suka so shi har aka dawo da shi a 1979, amma a karo na biyun an mayar da shi abin dariya ne kawai. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar da cewa ta daina ba da kuɗi ga finafinan da ke nuna tabon fuska a matsayin shaidar mugun hali, kuma ina ganin ta yi daidai, ko da yake ta makara.

Su wane ne ma ke sanye da waɗannan yunifom? Yawancinsu 'yan wasan kasada ne, mutanen da sana'arsu ita ce faɗowa daga bene, da shiga wuta, da karɓar duka, domin jarumi ya fito da kyau. Mutumin da ke tafiya ya juyo ya harba bindiga a buɗewar finafinan Bond uku na farko ba Sean Connery da ya fito a matsayin Bond ba ne, Bob Simmons ne, mai tsara faɗan finafinan. Direban da ya yi faɗa da Connery a wani ofis a Tokyo a 1967, har aka dinga dukan sa da doguwar kujera, Peter Maivia ne, ɗan kokawa daga Samoa, kakan Dwayne Johnson. Haɗarin kuma ba na wasa ba ne, domin a lokacin ɗaukar For Your Eyes Only na 1981, wani matashi ɗan wasan kasada mai suna Paolo Rigoni ya rasa ransa a kan hanyar tseren ƙanƙara ta Cortina a Italiya. A Mission: Impossible – Fallout na 2018, wurin da aka fi magana a kansa shi ne faɗan banɗaki a Faris, inda mutum ɗaya, wanda ko sunansa na gaskiya fim ɗin bai faɗa ba, ya lallasa Tom Cruise da Henry Cavill a tare har sai da wata ta shigo ta harbe shi. Liang Yang ne ya yi wannan aiki, ɗan wasan kasada ne daga Sin, kuma mafi yawan waɗanda suka yi ta maimaita kallon wurin ba su san sunansa ba.

Sai a watan Afrilun 2025 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta amince za ta fara karrama masu tsara wasan kasada, kuma za a ba da kyautar farko ne a bikinta na 100 a 2028, ga finafinan da suka fito a 2027. Bob Simmons ya rasu tun 1987, Harold Sakata tun 1982, Richard Kiel kuma a 2014. Kyautar ma za ta tafi ne ga waɗanda suka tsara aikin, don haka wanda ya faɗo daga benen da jikinsa zai ci gaba da neman sunansa a can ƙasan jerin sunayen da ke wucewa bayan mutane sun tashi daga kallo.