Ku Buga Gem Ɗinku, Amma Ku Daina Zuba Kuɗi a Akwatin Sa'a

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena masu PUBG da Free Fire da Call of Duty a waya.

Kwanan nan wani hoto ya yi ta yawo tsakanin 'yan gem: wani yaro ya ɗora jerin kuɗin da ya zuba cikin dare ɗaya yana neman wata bindiga mai kwalliya, kuma bai same ta ba. A ƙasa sai kirari ake yi masa, wai babban yaro, wai ba a saba da shi ba. Ko mutum ɗaya bai ce masa kai, shiga taitayinka ba. Kirarin nan ya fi asarar ɓata rai.

Ba na cikin masu cewa gem shiririta ce gaba ɗayanta. Wanda ya san PUBG Mobile, da ta fito a 2018, ya san ba harbi kawai ba ne. Mutum 100 ake saukewa a tsibirin Erangel, da'ira tana matsewa, ku huɗu sai kun raba harsashi da magani, wani ya saurari takun ƙafa, wani ya karanta taswira, ku san faɗan da za ku shiga da wanda za ku kauce wa. Mai gaggawa da mai son kai su ake fara kwashewa. Free Fire ta kamfanin Garena kuwa ta ci unguwanninmu ne saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarta: mutum 50, kusan minti 10 an gama. Akwai hutun ƙwaƙwalwa a ciki, akwai zumunci, kuma ya fi zaman majalisar da ba a komai sai cin naman mutane da leƙen matan da ke wucewa, balle a je ga masu shan maganin tari.

Aibobinta na fili ma an san su, kuma suna da magani. Sabar wasannin nan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana nesa da mu, shi ya sa ping ɗinmu, wato ma'aunin jinkirin saƙo tsakanin wayarka da ita, kan haura 100, ka harbi mutum ka ga kai ne a kwance. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kare kanta, hoto ya fara tsinkewa. Sai ka sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa, ka ɗaga gudun hoton, ka cire rigar wayar, ka daina bugawa tana jone da caji, don zafin caji da na wasa in sun haɗu batir suke kashewa, har ya kumbura. Sabuntawa mai cin data ka jira ta dare. Waɗannan duk da sauƙi.

Aibin da ya dame ni shi ne wanda aka gina da gangan, wato shagon da ke cikin wasan. Kun ɗauka kyauta aka ba ku gem ɗin? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ku dubi yadda aka tsara abin. Da farko ba a sayar maka da komai da naira ko dala. Sai ka sayi kuɗin wasan: UC a PUBG, daimon a Free Fire, CP a Call of Duty. UC 60 kusan dala 1 ne, babban ƙunshi na UC 8,100 kusan dala 100. Da zarar kuɗinka ya rikiɗe ya zama UC, zafin fitar da shi ya tafi. Ba ka jin kana kashe kuɗin abincin sati, lamba kawai kake gani tana raguwa. Sannan ƙunshin ba ya cika yin daidai da farashin abin da kake so, kullum da 'yar ragowa da ba ta sayen komai, sai ka ƙara don kada ta tafi a banza. Sannan a sa agogo a kan kayan, saura kwana uku, saura awa biyar, don kada ka samu sararin tunani.

Sai uwa uba, akwatin sa'a. Ka biya, a juya, abin da ya faɗo shi ne naka. A ce damar samun bindigar kashi 1 ce cikin 100. Yaro sai ya lissafa cewa in ya buɗe sau 100 dole ta fito. Ba haka lissafin yake ba. In babu alkawarin tabbas a rubuce, kowace buɗewa sabuwa ce, akwatin bai san ka yi asara jiya ba. Cikin mutum 100 da kowannensu ya buɗe sau 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Sai ka buɗe sau 69 kafin damarka ta kai rabi da rabi. A Call of Duty kuma wata dabarar ce: kaya 10 a faifai, juyin farko da araha, kowane juyi ya fi na baya tsada, babban kayan kuma yawanci sai can ƙarshe. In ka kai na shida zuciya ta ce ai ka riga ka yi nisa, ja da baya asara ne. Nan ake kama ku. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ba ni kaɗai na ga kamar caca ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Tun 2017 ƙasar Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana damar samun kowane kaya, kuma Apple da Google sun sa wannan sharaɗin a shagunansu. Alƙaluman suna nan a wani ɗan lungu jikin akwatin. Cikinku wa ya taɓa dannawa ya karanta? A 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka sa suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba. Hukunci na malamai ne, ku je ku tambaye su, amma ayar Suratul Ma'ida da ta jera caca da giya kowa ya san ta tun yana Islamiyya.

To me ma ka saya? A PUBG kwalliyar bindiga ba ta ƙara wa harsashi ƙarfi ko kaɗan. Bindigar M416 mai kwalliyar ƙanƙara da M416 tsirara duka ɗaya suke yi. Wanda bai iya riƙe bindiga in tana harbawa sama ba, ko rigar zinare ya sa gawa ce mai kyan gani. A Free Fire da kwalliyar ke ƙara ƙarfi ko saurin harbi, abin ya fi muni, don an mayar da gasar ta mai kuɗi. Kuma kayan ba naka ba ne, aro aka ba ka. Apex Legends Mobile an rufe ta a watan Mayun 2023, shekara guda bayan fitowarta, abin da mutane suka saya ya tafi da ita. Masu Ultimate Team, wato sashen tara 'yan ƙwallo a wasan ƙwallon EA, duk shekara sabon wasa ke fitowa, 'yan ƙwallon da ka tara bara ba sa biyo ka. Akawun ɗin ma in aka kama shi da manhajar maguɗi, PUBG tana iya rufe shi shekara 10.

Daga nan ne sauran ɓarnar ke shigowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗi ya ƙare, sai neman UC na kyauta. A turo maka shafi, ka zuba kalmar sirrin Facebook ɗinka da ke haɗe da wasan, gobe ka tashi ba akawun ba Facebook, ana roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Wani kuɗin rajistar jarrabawa ya taɓa. Wani katin bankin mahaifiyarsa ya sa a waya, ita tana can tana zargin mai POS. Haba jama'a! Tsohuwa ta soya ƙosai tun asuba don kai ka saya wa ɗan tsana hula? Asubar ma da yawanku a kan gem take riskarku, a kashe waya a kwanta ana kiran salla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamomin da ta faɗa su ne ka kasa tsayawa, ka fifita ta kan komai, ka ci gaba kana ganin tana cutar da kai. Kowa ya auna kansa.

Ku ji tsoron Allah ku yi wa kanku faɗa. Ku cire katin banki daga wayar, in ma za ku sayi wani abu ku sayi wanda kuka san farashinsa da abin da za a miƙo muku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da can ba haka wasa yake ba. Dara rami ake tonawa a ƙasa, da 'yan tsakuwa da kara, dattijo ya cinye ka da basira ka koma gida kana tunanin inda ka kuskure. Langa ƙafa ɗaya ce jarinka. Ko zamanin shagon PlayStation 2 na unguwa, wanda aka ci shi ke miƙa pad, ɗan mai kuɗi da ɗan mai faci layi ɗaya suke bi, kuma in babba ya leƙo ya ce lokacin salla ya yi, mai shago da kansa ke kashe talabijin. Yanzu kowa ya shige ɗaki da abin ji a kunne, ba babban da ke ganin abin da ake yi, iyaye sun sayi waya sun miƙa sun huta. Yara 'yan shekara 12 sun daina tambayar junansu wa ya iya. Akawun ɗin wa ya fi tsada suke tambaya, kuma yayyensu da ya kamata su tsawatar su ne ke tura musu lambar mai sayar da UC.