Kafin a kira yaro daƙiƙi, a fara duba lafiyarsa

Da wuya a sami ajin da babu irin wannan yaron. Yana zaune a layin baya, in malami ya yi rubutu a allo sai ya ƙanƙance ido, can sai ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafa. Malami ya yanke cewa malalaci ne mai satar amsa. A gida kuwa mahaifiyarsa ta daɗe da lura cewa sai ya kusan manna littafi a fuska kafin ya karanta, amma ta ɗauka ɗabi'arsa ce. Rabin labarin yana hannun malami, rabin yana hannun uwa, kuma ba su taɓa zama sun tattauna ba. Tabarau kawai yaron yake buƙata, amma zai iya shekaru ana kiransa daƙiƙi har ya yarda cewa haka yake.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka raba yaro kashi-kashi: karatunsa na makaranta, lafiyarsa ta iyaye, sauran kuma oho.

Ɗauki batun barci. Shawarar da likitocin barci na Amurka suka fitar a 2016 ita ce ɗan shekara 6 zuwa 12 ya sami awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Malami ba shi da iko da wayar da ke hannun yaro da ƙarfe ɗayan dare. Iyaye su ma ba su suke yanke yawan aikin gida ko lokacin shiga aji ba. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2022, wadda ta hana yawancin manyan sakandarorin gwamnati fara darasi kafin 8:30 na safe.

Rawar al'umma ta fi fitowa fili a binciken da masana tattalin arziki Edward Miguel da Michael Kremer suka wallafa a 2004 kan makarantun firamare 75 a yammacin Kenya. Raba maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har yaran makarantun maƙwabta da ba su sha maganin ba suka amfana, domin yaɗuwar cutar ta ragu a yankin. Gaskiya ne binciken bai nuna ƙarin maki a jarrabawa ba. Amma yaron da ke kwance a gida ba a ma zancen maki a kansa. Rijiya, makewayi da magudanar ruwan unguwa duk suna da hannu a rijistar aji.

Malamai za su ce kaya ya yi musu yawa, kuma suna da gaskiya. Wanda ke fama da aji cike maƙil ba za a ɗora masa aikin likita ba. Abin da ake nema a wajensa bai wuce ya lura ya faɗa ba, sannan a sami ma'aikacin lafiya na kusa da za a tura yaron gare shi. Ƙa'idoji 8 da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar a 2021 kan makarantu masu inganta lafiya sun ware guda sukutum ga haɗin gwiwar makaranta da al'umma.

Inda za a fara, a ganina, shi ne taron iyaye da malamai. Muddin ba a kiran uba sai za a karɓi kuɗi ko ɗansa ya yi laifi, ba zai zo da zuciya ɗaya ba. A farkon kowace shekara a tambayi iyaye wa ke da asma, wa ke da sikila, wa ke da farfaɗiya, a rubuta, malamin aji ya sani. A gwada idon kowane yaro da kunnensa. In ɗalibi ya kwana uku bai zo ba, wani daga makarantar ya kira gida ya ce, "Baba, lafiya ba mu ga yaronmu ba?"