Tsawaita hanyar Makurdi zuwa Enugu ba zai raba Mararaba da cunkoso ba

Tun watan Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin shinge a kan tagwayen hanyar Keffi zuwa Makurdi, wadda kamfanin China Harbour ya gina da rancen bankin Exim na ƙasar Sin. Ƙaramar mota na biyan naira 500 a kowane shinge, manyan motoci kuma naira 1,600, a shingaye huɗu da ke Keffi da Akwanga da Lafia da Makurdi. Yanzu ana aikin kashi na biyu, wanda zai miƙa hanyar ta Otukpo har zuwa Enugu, kuma daga cikin hujjojinsa akwai shirya wa yawan motocin da za a samu nan gaba.

Ina goyon bayan aikin, domin direban da ke ɗauko doya da lemo daga Binuwai ya fi son ya biya kuɗin shinge a kan ya riƙa sayen taya da gyaran mota saboda ramuka. Amma batun rage cunkoso yana buƙatar a dube shi da kyau. Inda motoci suke tsayawa cik shi ne a kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta shiga Abuja, tsakanin Masaka da Mararaba da Nyanya, inda ma'aikatan da tsadar haya ta kora daga Abuja suke fitowa tun da asuba, ga 'yan kasuwa sun baje kaya a bakin titi, ga motocin haya suna lodi a tsakiyarsa. Duk sa'ad da hanya ta yi kyau daga kudu, tireloli da motocin fasinja za su ƙaru, kuma galibin masu nufin Abuja a wannan maƙogwaro ɗaya za su taru.

Saboda haka ya kamata a ware wani kaso na kuɗin shinge domin tashoshin mota a gefen titi, da layin manyan motocin bas na musamman, da hanyar kewaye da za ta ɗauke tireloli daga cikin Karu. Haka kuma a riƙa bayyana abin da kowane shinge ya tara da abin da aka biya na bashi, domin mutane ba su manta ba cewa zargin zurarewar kuɗi na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Obasanjo ta rushe shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyin tarayya a ƙarshen 2003.