Sunan mai ɗinki ya kamata a fara rubutawa

A gidan adana kayan tarihi na jihar New York da ke Albany akwai wani siket na yadin ulu mai launin shuɗi, an bi bakinsa da ƙananan duwatsun ado na gilashi, a kusurwa ɗaya kuma an zana bishiya. Caroline Parker ce ta ɗinka shi wajen 1849, 'yar ƙabilar Seneca daga Tonawanda. Seneca na cikin al'ummomi shida na Haudenosaunee, 'yan asalin ƙasar Amurka da Turawa ke kira Iroquois, tare da Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga da Tuscarora. Amma har yau sunan Lewis Henry Morgan, lauyan da ya tara wa jihar wannan siket da sauran kayan Seneca, shi aka fi jinginawa tarin. Ita Caroline ma ta yi sa'a, don an san ta. Mata masu yawa da suka zauna da allura suna jera dutse bayan dutse a kan karan-miski, har fure ya yi tudu ana iya shafa shi, an taƙaita su a "aikin Iroquois, ƙarni na 19".

Wannan ya fi damuna saboda su waye waɗannan mata. A tsarinsu ta wajen uwa ake bin zuri'a, iyayen dangi mata ne ke zaɓen shugabanni, su ne kuma ke tsige su.

Masu kare gidajen tarihi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Yawancin jakunkuna da ƙananan matasai na soka allura ba kwasarsu aka yi ba. Matan Tuscarora da na Kahnawake (garin Mohawk a Kanada) ne suka sayar wa 'yan yawon buɗe ido a Niagara don ciyar da gida. Ba ɗaya suke da ɗamarun wampum 12 (ɗamarun duwatsun ƙwanso da ke adana tarihi da yarjejeniyoyi) da gidan tarihin Albany ya mayar wa Onondaga a 1989 ba. Sai dai batun "mu ne muka fi iya ajiya" yana da rauni: gobarar 1911 a ginin majalisar jihar, inda aka ajiye kayan, ta cinye kaso mai yawa na tarin Morgan.

Dokar NAGPRA ta 1990, wadda ta shafi mayar wa 'yan asalin Amurka kayansu daga gidajen tarihi, da ƙa'idojinta da suka fara aiki a Janairun 2024, sun fi karkata ga gawarwaki da kayan ibada. Tufafin mata sau da yawa ba sa shiga ciki. Don haka sai gidajen su motsa da kansu: su nemo sunayen maɗinka a takardun saye da bakin dattawa, su kuma buɗe ma'ajiya ga matan da ke wannan sana'a yau. Mai ɗinki tana bukatar ta juya rigar ta ga bayanta, inda zaren ya bi da inda aka ƙulle shi.