Wai wanda ya kasa ne yake koyarwa?

Tun daren Asabar nake ƙoƙarin haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa. Kun dai ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin ɗan bidiyon da na saka na malamar da ke koya wa 'yata fiyano a jami'a. Baiwar Allah ta haura shekara sittin, ta zauna kusan minti arba'in tana kaɗa sonata, wato dogon kiɗan fiyano, ta ƙarshe da marubucin kiɗan nan Schubert ya rubuta a 1828, wata biyu kafin mutuwarsa, da ka, babu takarda a gabanta. Shi kuwa ɗan'uwanmu babu abin da idonsa ya gani sai kujerun da ba kowa a kai. Wai da ta iya da ba ta ƙare a aji ba. Wai makaɗin fiyano da duniya ta ƙi saurara shi ne yake gudu jami'a ya ɓuya. Har da masu danna masa alamar so.

Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma muna mutunci. Amma Malam, abin da ka faɗa ba gaskiya ba ne, kuma ya yi mini ciwo. Koyarwa ba kasawa ba ce. Zan maimaita har sai ta zauna.

Ka san makaɗin fiyano Menahem Pressler? Bayahude ne haifaffen Magdeburg a Jamus, iyayensa suka tsere da shi daga hannun 'yan Nazi a 1939. Ya ci gasar Debussy a San Francisco a 1946. A 1955 ya kafa ƙungiyar makaɗa uku ta Beaux Arts, wadda ta yi fiye da shekara hamsin tana zaga duniya, kuma a wannan shekarar dai ya kama koyarwa a Jami'ar Indiana da ke Bloomington. Shekara ɗaya, aiki biyu. Bai ajiye ɗaya don ɗaya ba. Ya sauka daga jirgi ya wuce aji, ya fito daga aji ya koma filin jirgi. Yana da shekara 90 ya hau dandamali tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Balin a karon farko, kuma har ya rasu a 2023 yana da 99 sunansa na cikin jerin malaman jami'ar nan. To a wace shekara ce ya kasa? Faɗa mini.

Ko Leon Fleisher. Na san abin da za ka ce, ai hannunsa ne ya mutu shi ya sa ya koma koyarwa. Duba lissafin da kyau. Ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Beljiyam a 1952, Ba'amurke na farko da ya yi haka. Ya fara koyarwa a Peabody, makarantar kiɗa ta Baltimore wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Johns Hopkins, a 1959, lokacin ana rububinsa ko'ina. Sai a 1964, yana da shekara 36, yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara lanƙwashewa cikin tafin hannu, suka ƙi miƙewa. Shekara biyar ke nan da shigarsa aji kafin ciwon ya zo. Da ciwon ya zo ma bai zauna kuka ba. Ya koma kaɗa abin da aka rubuta don hannun hagu kaɗai, irin wanda Ravel ya rubuta wa Paul Wittgenstein da ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya koyi jagorantar ƙungiyar makaɗa, ya ci gaba da koyarwa. Bayan shekaru masu yawa aka dace da magani, da allura da tausa, hannun ya dawo, ya fitar da faifai da hannu biyu a 2004. Shekara sittin yana wannan aji. Shahararren makaɗin fiyano André Watts ya bi ta hannunsa, Yefim Bronfman ma haka.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce ɗan Hausa ne zai raina malami. Mu da muka tashi muna jin ana cewa wane ya yi karatu a gaban wane, shi kuma ya ɗauka daga wane? Mu da ba ma yarda da ilimin mutum sai mun ji salsalarsa? To su ma suna da tasu. Fleisher tun yana ɗan shekara tara aka kai shi gaban Artur Schnabel, mutumin da ya fara naɗar dukan sonata guda 32 na Beethoven a faifai. Schnabel almajirin Leschetizky ne. Leschetizky almajirin Czerny ne. Czerny kuwa a gaban Beethoven kansa ya zauna. Ƙirga da yatsunka: ɗalibin da ya shiga ɗakin Fleisher a Baltimore, mutum huɗu ne kacal tsakaninsa da Beethoven. Wannan abu ba a faifai yake ba, ba a littafi yake ba. Baki da baki ake ba da shi, hannu da hannu, a ɗaki, mutum biyu. Ka cire malamin, igiyar ta tsinke.

Ni na zauna a irin wannan ɗaki, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Ranar da na fara raka 'yata, malamar ta ce in shigo in zauna a gefe. Ɗaki ne ɗan ƙarami, fiyano biyu a jere sun cinye shi, sai kujera ɗaya da tarin takardun kiɗa har kan taga. Yarinyar ta kaɗa layi ɗaya, malamar ta ɗaga hannu. Ta ce ta sake. Ta sake. Sai ta taso ta sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin wuyan hannun yarinyar, ta ɗan ɗaga shi, abin da bai kai kaurin fensir ba, ta ce yanzu saki nauyin kafaɗarki ya sauko. Wallahi ni da ban san komai a kiɗan nan ba na ji sautin ya canja. Da kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, yanzu kamar ana magana. Rabin awa suka yi a kan wannan layi ɗaya. Takardar malamar ta yi baƙi da rubutun fensir, wani nata, wani na malaminta da ya rasu, ta nuna mini da yatsa, ta ce wannan hannunsa ne. Wanda bai iya ba, ta ina zai san cewa matsalar tana wuyan hannu?

Koyarwa ba kasawa ba ce, Malam.

Kana jin kamar kujerar nan ana ba da ita sadaka ne. A Amurka yanzu, yawanci kafin a dube ka ma sai kana da digirin digirgir na kiɗa, wanda ba a samu da rubutu kaɗai, sai ka hau dandamali sau da dama ka kaɗa a gaban alƙalai. In jami'a ta buɗe gurbi ɗaya, masu nema sai su yi mata ca daga ƙasashe daban-daban. 'Yan kaɗan da aka tace za a kira, kowa ya zo ya kaɗa a gaban waɗanda za su zama abokan aikinsa, sannan a kawo masa ɗalibin da bai taɓa gani ba a ce koyar da shi muna kallo. In an ɗauke ka, kusan shekara shida kana gwaji kafin a tabbatar maka da kujerar. Masanin kimiyya takardun bincikensa ake ƙirgawa, shi kuwa makaɗi wasannin da ya yi da faifan da ya fitar ake dubawa. Ma'ana in ka daina kaɗawa aikin ma ba zai tsaya ba. Ga ɗalibai, kowane da awarsa guda a mako, shi kaɗai. Ga jarrabawar ƙarshen zango, ga sauraren masu neman shiga, ga taron sashe. Sai dare ya yi, ginin ya yi tsit, sannan ta samu ta zauna ta yi nata atisayen. Na sha wucewa ta ƙarƙashin tagarta bayan isha'i, dusar ƙanƙara na zuba, fitilarta a kunne.

Wani ya shigo ya ce ai Sviatoslav Richter, gwanin fiyano na Tarayyar Sobiyet, bai yi zaman koyarwa a aji ba, kuma babu kamarsa. Na ji. To shi Richter daga sama ya faɗo? Ajin Heinrich Neuhaus ya shiga a makarantar kiɗa ta Mosko, ajin da Emil Gilels ma ya zauna. Neuhaus ya fi shekara arba'in yana koyarwa a nan, har tsare shi aka yi a 1941 saboda asalinsa na Jamus, ya fito ya koma aji. Ka kawo mini misalin da kake ganin zai rushe maganata, sai ga shi ya ƙara mata ƙarfi.

Wata kuma ta ce ai akwai malaman da ba su iya komai ba. Akwai mana. Akwai tela da bai iya ɗinki ba, akwai direba da bai iya tuƙi ba. Wannan bai sa an ce duk wanda ya zauna a kan keken ɗinki ya kasa ba. Mu wuce.

Masu cewa me ya haɗa mu da kiɗan Turawa, ba ku na kira ba, kuma ban tilasta wa kowa ya saurara ba. Maganar da nake yi ta darajar malami ce.

Duk waɗanda kuke tafa wa a intanet, ku bincika bayansu. Van Cliburn da ya je Mosko a 1958, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ya ci gasar Tchaikovsky ta farko, ɗalibin Rosina Lhévinne ne a makarantar kiɗa ta Juilliard da ke New York. Matar nan ta ci lambar zinare a Mosko tun tana budurwa, ta ajiye nata wasan saboda mijinta, shi ma makaɗin fiyano ne, ta yi ta koyarwa, sai tana da shekara 82 ta hau dandamali da babbar ƙungiyar makaɗa ta New York ta kaɗa Chopin. Lang Lang da Yuja Wang, dukansu daga ɗakin Gary Graffman suka fito a makarantar kiɗa ta Curtis da ke Philadelphia. Dang Thai Son, ɗan Biyetnam da ya koyi fiyano a ƙauye ana ruwan bama-bamai, shi ne ɗan Asiya na farko da ya ci gasar Chopin a 1980. Ya koma koyarwa a Jami'ar Montreal, sai ga ɗalibinsa Bruce Liu ya ci wannan gasar dai a 2021. Yunchan Lim da ya ci gasar Cliburn a Texas a 2022 yana ɗan shekara 18, duniya ta buɗe masa kowace ƙofa, me ya yi? Malaminsa Minsoo Sohn ya tashi daga Seoul ya koma koyarwa a Boston, yaron ya tattara kayansa ya bi shi. Wanda ya ci gasar bai raina aji ba, sai kai da ke kallo a waya?

Gasar Chopin duk shekara biyar ake yi, ta Cliburn duk shekara huɗu, mutum ɗaya ke zuwa na ɗaya. Sauran da suka yi shekara ashirin suna atisaye awa biyar, awa shida a rana, duk sun zama kasassu ke nan? Kuma ko wanda ya ci, rayuwar otal da jirgi ba kowa ke so ba. Akwai mai son ya kwana a gidansa, ya ga 'ya'yansa sun girma, ya kaɗa abin da ransa ke so ko da ba zai cika zaure ba. Malamar 'yata ta zaɓi Schubert ranar Asabar don tana sonsa, ba don wani mai sayar da tikiti ya ce shi ke kawo kuɗi ba. Kujerun da ka ƙirga babu kowa, eh, haka ne. Amma layin gaba cike yake da ɗalibanta, har da wani da ya yi tuƙin awa uku ya zo, ya gama karatu tun fiye da shekara goma da suka wuce. Da ta gama sai da aka yi shiru na ɗan lokaci kafin a fara tafi. Bidiyon bai ɗauko wannan ba, laifina ne da na yanke shi.

In da gaske tausayin makaɗan nan kuke ji, ga inda ya kamata a yi magana. Ba kowa ne Pressler ba. Da yawa 'yan wucin-gadi ne, awa ake biyansu, in ɗalibi ya janye kuɗin ya ragu, zangon gaba babu tabbas. Na san wani da ke koyarwa a makarantu uku, ranar Lahadi ya kaɗa a coci, da yamma ya bi gida-gida yana koya wa yara, kuma digirinsa ɗaya da na farfesan da ke ofishin kusa da shi. Wannan zalunci ne, kuma ya isa a yi fushi a kai. Amma ba rashin iyawa ne ya kai shi nan ba, kujerun ne ba su da yawa. Ka yi faɗa da tsarin, kada ka zagi mutumin.

Af, tun da an zo nan. Wancan makon 'yata ta dawo da wani littafin kiɗa da malamar ta ara mata, ɗaya daga cikin juzu'i biyar na kiɗan fiyano na Afirka da 'ya'yanta na ƙetare, wanda William Chapman Nyaho ya tattara, madaba'ar Oxford ta buga. Shi ma ya koyar a jami'a, a Gana ya tashi, ya yi makarantar Achimota. A ciki na ga sunan Joshua Uzoigwe namu na Najeriya da Kwabena Nketia na Gana. Daga nan muka faɗa hirar Akin Euba, ɗan Legas da ya koyar a Ife da Legas da Pittsburgh, wanda ya yi bincikensa a kan gangar dundun ta Yarbawa, ya dage cewa fiyano ma ana iya sa shi ya yi magana kamar ganga. Sai na ce wa malamar ai mu ma muna da irinta, kalangu, ana matsa tsarkiyarsa a hammata muryarsa ta hau ta sauka, har ya kira sunan mutum ya yi masa kirari. Ta ajiye fensir ta ce in kwatanta. Na yi ta bugun cinya ina kwaikwayo da baki, abin bai fito ba. Don Allah duk wanda ke da naɗin kiɗan mahauta na ainihi, irin na ranar jajiberin salla, kalangu zalla ba wanda aka haɗa da kiɗan kwamfuta ba, ya turo mini ta akwatin saƙo. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu ne darasinsu, ina so in kai mata ta ji da kunnenta.