Yadda Na Zama Yaron Jakuzi

Duk wanda ka ji yana yabon jakuzi, bahon nan mai ruwan ɗumi da ake zama a ciki, bincika da kyau, za ka tarar ba nasa ba ne. A otal ya shiga, ko a gidan aboki, ya fito ya goge jiki ya kama gabansa. Mai shi yana can tsugune da 'yar takarda a hannu yana kwatanta launi.

Ni gadonsa na yi. Da muka sayi gida a Luton, a Ingila, mai gidan ya bar shi a lambu, dillali ya ce kyauta ce. Uwargida ta zagaya shi, ta ce, "Maigida, banza ba ta kai zomo kasuwa." Ni kuwa na riga na hango kaina a ciki, ana sanyi a waje, ina kurɓar shayi.

Ƙaton baho ne mai kujeru a ciki, yana cin ruwa lita 1,200, ga injin ɗumama ruwa, ga bututai masu feso maka ruwa a gadon baya. Abin da dillali bai faɗa ba shi ne ba a zubar da ruwan bayan an fito. Wata uku zuwa huɗu yake zaune, a zafin digiri 37 ko 38, ba a wuce 40. Kuma wannan ɗumin da yake yi wa ɗan Adam daɗi, shi ƙwayoyin cuta ke roƙon Allah ya ba su.

Maƙwabcina, wani tsohon Bature da ya yi ritaya ya rasa abin yi, shi ya ɗauke ni almajiri ta saman shinge. Za ka tsoma takardar gwaji, ka jira 'yan daƙiƙoƙi, ka ɗora ta jikin kwalba ka duba launi. Kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya tsaya tsakanin 3 da 5. Ma'aunin tsamin ruwa, pH, tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura, kulorin ya zama ɗan kallo. In ya sauka, ido ya yi yaji, ƙarfen inji ya fara cinyewa. Ruwan Luton kuma daga ƙarƙashin duwatsun alli ake haƙo shi, don haka kullum pH ɗin sama yake nufa, farin ɓawo yana kama injin. Ni da rabona da darasin sinadarai tun sakandare, sai ga ni da cokalin awo da safar hannu, ina haddace cewa magani ake zubawa a ruwa, ba ruwa a magani ba.

Duk da haka muna zaman lafiya da shi, har Babbar Sallah ta zo.

Abokai suka cika gida. Aka gasa nama, aka ci, aka yi gyatsa, sai wani ya ce a buɗe "abin nan". Mutanenmu kuwa kun san su da shafa. Bahaushe ba ya fita cikin iskar Ingila sai ya laƙaba wa jikinsa basilin ko man kaɗe tun daga goshi har dunduniya, ya bi da turare. Haka suka faɗa ciki su biyar, kowa da gajeren wandon da aka wanke da omo ba a ɗauraye sosai ba. Ina danna maɓallin feshi, kumfa ta taso. Kafin in lalubo wurin kashewa ta kai musu haɓa, ba ka ganin komai sai kawuna suna salati. Daga baya autanmu ya ce shi ya taimaka da rabin kwalbar shamfu, wai "Abba, na ga za su yi wanka babu sabulu."

Washegari ruwan ya yi fari, ba ka hango ƙasa, ga wani zoben maiƙo ya zagaye gefe. Na zaro matatar ruwan, wadda a da fara ce tas mai ninki-ninki. Ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi. A cikin ninkin na ciro tsinken tsire, da robar ɗaure gashi, da wani abu da har yau nake fatan albasa ce.

Ina cikin wannan aiki Kawu ya fito. Daga Katsina ya zo bikin kammala karatun 'yarsa, ya sauka a wurinmu. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Ɗana, ruwan nan tun yaushe yake nan?"

"Ya ɗan kwana biyu, Kawu."

"Kuma kowa ya zo shi yake shiga?"

"E, amma akwai magani a ciki."

"To ai farfesun mutane kuke yi, gishiri kawai ya rage." Ya gyara hula, ya tuna min karatun zaure: ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa, ƙanshinsa ko ɗanɗanonsa bai canja ba. "Biyu dai na tabbatar da kaina. Na ukun kai za ka ɗanɗana ka gaya min."

Warin kuwa har hawaye yake sawa. Bature ya shaƙa daga shingensa ya ce wannan ba ƙarfin kulorin ba ne, kulorin ne da ya gama haɗuwa da gumi da kuma abin da yara kan yi a ruwa su yi shiru. Na tara yaran, kowa ya rantse. Ba a jima ba ɗaya daga cikin baƙin ya bugo waya, ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso masa daidai inda wando ya rufe. Likita ta ce ƙwayar Pseudomonas ce, wadda ke samun sarari in kulorin ya ƙare, kuma yawanci da kansu suke bajewa. Mutumin da ya fi kowa shafa basilin, shi ne yake tambayata kuɗin magani.

Zubar da ruwan ma shari'a ce. Uwargida ta tsaya a kan alayyafonta da tumatirinta ta ce ɗigo ɗaya ya taɓa su, ni da tuwo sai a mafarki. Na ja tiyo zuwa magudana, na shiga ciki da soso na durƙusa ina gurzar maiƙon wasu ƙarti. Na cika shi da sabon ruwa, inji ya kusa kwana yana ɗumamawa, mitar lantarki tana gudu, ga shi tun 2022 kuɗin wuta a ƙasar nan ya daina wasa da mutane. Bature ya jefo min ƙwallon tanis, wai gashinta yana tsotse maiƙo. Yara suka tsamo ta suka tafi buga wasa.

Sai na kafa doka: wanka kafin shiga, babu mai, wando a ɗauraye shi da ruwa zalla. Abokai suka ce in har sai sun yi wanka tukuna, me za su shiga yi? Aka daina zuwa. Ruwa ya yi garau, launin takarda ya zauna daidai, har na ɗauki hotonta.

Da la'asar ɗin ranar na jiyo inji yana ruri. Na fito na tarar da Kawu zaune a ciki har wuya, da hularsa a ka, ido a lumshe. A bakin baho ga gwangwanin man zafi a buɗe, ya kusa ƙarewa, gwiwoyi biyu sun sha. Maiƙo yana yaɗuwa a kan ruwa, ƙanshinsa ya cika lambu.

Ya buɗe ido ɗaya. "Ɗana, tunda kana tsaye, ƙara mana wuta kaɗan."