Ƙannena, dariyar me kuke yi?

Jiya na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wata 'yar makaranta, da ƙyar ta kai shekara 13, ta miƙe za ta sauka daga mota, ashe jini ya ɓata mata bayan siket. Samari uku a kujerar baya suka hau zungurin juna suna ƙyaƙyata dariya, ɗaya har da ɗaga waya. Ta ja jakarta ta kare bayanta, hannunta na rawa. Sai da wata dattijuwa ta cire mayafinta ta ɗaura mata.

Dariyar me kuke yi? Uwar da ta haife ku ta yi wannan jinin, ƙannenku na gida suna yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nana A'isha ta yi kuka da al'ada ta zo mata a hanyar Hajji, Manzon Allah (SAW) ya rarrashe ta, ya ce abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Ku kuwa kun mai da shi abin nishaɗi.

Wannan dariyar ce ke sa yarinya ta kasa buɗe baki ta ce wa mahaifinta ba ta da audugar mata. Sai ta naɗe tsumma ta wuni da shi, alhali ko audugar ma ana so a sauya ta duk bayan awa 4 zuwa 6. Ta wanke ta shanya a lungu inda rana ba ta kaiwa, don kada a gani, ƙaiƙayi ya biyo baya. Wata ta daina zuwa aji sai ta yi tsarki. Rashin sani ya fi dare duhu, amma naku ya wuce rashin sani, rashin tausayi ne.

Kuɗin data ba ya gagarar ku, amma sayen ƙunshin audugar mata ɗaya a kai wata makaranta ya gagara. Masu rabawa ma, in 28 ga Mayu ta zo, ranar tsaftar al'ada ta duniya, wasu sai sun jera yara sun ɗaga audugar an ɗauki hoto. Wannan ma tonon asiri ne, ku daina.

Da can saurayi in ya ga irin wannan, sunkuyar da kai yake yi ya kau da ido, kamar bai gani ba. Jiya duk motar nan ba namijin da ya tsawata musu.